Ƙiba da Allurar Barci: Abin da ke Faruwa a Ƙananan Jijiyoyin Jini Lokacin Tiyata



A wannan fitowa, shafinmu na kiwon lafiya ya ɗauko wata tambaya da iyayenmu na Zumuntar Mata suka sha yi mana. Suna so su san dalilin da ya sa idan aka kai mace mai jiki asibiti za a yi mata aiki, ma'aikata sukan tsananta bincike a kanta, a auna nan a auna can, a tambaye ta ko tana minshari, wani lokaci ma a ce sai dai a wuce da ita Gusau. Wasu na ɗauka wulaƙanci ne, wasu kuma na zargin hanyar karɓar kuɗi ce. Mun ga ya dace mu bayyana dalilin dalla-dalla, domin wanda ya san abin da ake tsoro shi ne zai iya taimaka wa likita ya kauce masa. Za mu faɗa tun da wuri, don kada wani ya firgita: yawancin masu ƙiba ana yi musu tiyata su tashi lafiya su koma gidajensu. Sai dai jikinsu yana bukatar shiri da kulawa fiye da na saura, kuma rabin shirin nan a gida yake farawa.

Maganar ƙiba a ƙasar yunwa?

Mun san wani zai ce, ina ruwanmu da ƙiba, mu da ke fama da abin sawa a baki? Yana da gaskiyarsa. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara sun auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka iske kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. Wannan shi ne babban ciwonmu, kuma ba mu manta da shi ba.

Amma ku dubi cikin majami'a ranar Lahadi. A benci ɗaya za ka ga jariri ramamme a bayan uwarsa, kusa da ita kuma ga kakarsa da ba ta iya tashi tsaye sai ta dafa gwiwa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, alhali a 2008 kashi 22 ne. Abin ya fi yawa a birane da kudancin ƙasa, amma yana hawa ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba. Mu nan kuma rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Wanda ya saba wuni da fartanya a hannu ya koma zaman gari, abincin da ya fi sauƙin samu kuwa taliya ce da shinkafa da mai da shayi mai suga. Masana sun kuma gano cewa wanda ya sha yunwa tun yana ciki ko yana ƙarami, idan ya samu abinci a girma, kitse yakan taru masa a ciki, hawan jini da ciwon suga kuma su same shi da wuri.

Yadda ake gane ƙiba a asibiti shi ne a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Mace mai tsawon mita 1.60 da kilo 60, lissafinta ya kama 23, lafiya lau. Idan ta kai kilo 80 ya zama 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 ana kiransa ƙiba. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef ɗin tela ya auna cikinsa daidai cibiya. Mace da ta wuce santimita 88, ko namiji da ya wuce 102, sun shiga sahun da ake tsoro. Kitsen tumbi ya fi na cinya da ɗuwawu illa nesa ba kusa ba.

Lambun da ke cikin jiki

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin gulbin Gagare ya san cewa ƙarfin inji kaɗai ba ya shayar da albasa. Inji zai ja ruwa, babban tiyo ya kai shi bakin lambu, amma sai ƙananan hanyoyin da ke tsakanin fangali da fangali sun buɗe kafin ruwa ya kai ga saiwa. Idan suka toshe da laka, kana jin ƙarar inji, kana ganin ruwa a babbar hanya, shuka kuwa tana bushewa.

Haka Allah ya tsara jikinmu. Zuciya ita ce injin, tana tura jini kusan lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. Manyan jijiyoyi su ne tiyo. Suna rarrabuwa suna ƙanƙancewa har su kai ga wasu ƙananan jijiyoyi da ido ba ya gani, waɗanda sai an jera kusan goma gefe da gefe kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Saboda ƙanƙantarsu, jajayen ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya suke bi ta cikinsu. A nan ne kawai jini ke sauke iskar oksijin da abinci ga nama, ya kwashi dattin da za a fitar. Mutum na farko da ya gan su wani likitan Italiya ne mai suna Marcello Malpighi, a 1661, a huhun kwaɗo, da madubi mai ƙara girman abu.

Kuna iya ganin aikinsu da kanku. Danna farcenka har ya yi fari, sannan ka saki. Cikin daƙiƙa biyu zai koma ja. Ƙananan jijiyoyin ne suka sake cika.

Kafin jini ya shiga cikinsu, yana bi ta wasu jijiyoyi masu ɗan kauri waɗanda ke da tsoka a jikinsu, suna tsukewa suna buɗewa kamar mai lambu da ke datse hanya ya buɗe wata. Idan kana gudu a buɗe wa ƙafafu, idan ka ci abinci a buɗe wa hanji. Cikin kowace jijiya kuma akwai wani siririn shafe mai santsi, kamar daɓen siminti a cikin kwata. An daɗe ana ɗaukar shafen nan ba ya aikin komai, sai a 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya gano cewa shi ne ke fitar da wani sinadari da ke umartar jijiya ta saki jiki ta buɗe. Daga baya aka gane sinadarin, ana kiransa naitirik oksaid, kuma a 1998 aka ba Furchgott da wasu masana biyu lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Abin da kitse ke yi wa hanyoyin

A da ana ganin kitse kamar rumbu ne kawai, wurin ajiyar rarar abinci. Yanzu an san yana da rai da aiki, yana zuba sinadarai cikin jini. Idan daidai yake, sinadaransa na taimakon jijiyoyi. Idan ya yi yawa, musamman na ciki, sai ya koma fitar da irin sinadaran da jiki ke fitarwa a wurin kumburi. Mutum ba ya jin zafi, ba ya zazzaɓi, amma wani ƙaramin kumburi na cin jikinsa a ɓoye shekara da shekaru.

Shafen cikin jijiya shi ke fara jin jiki. Sinadarin buɗe hanya ya ragu, na tsuke hanya ya ƙaru. Jijiyar da ya kamata ta buɗe nan take idan nama ya nemi jini, sai ta riƙa nawa, kuma ba ta buɗewa sosai. Da tafiya ta yi tafiya, wasu ƙananan hanyoyin sukan rufe gaba ɗaya su ɓace, yawansu ya ragu a fata da tsoka. Jinin da zai bi ta hanyoyi da yawa ya koma matsuwa cikin kaɗan, wannan kuma yana cikin abubuwan da ke kawo hawan jini. Haka kuma sinadarin insulin, wanda ke shigar da suga cikin nama, yana bukatar hanyoyin nan a buɗe kafin ya yi aikinsa. Shi ya sa ƙiba da hawan jini da ciwon suga suke tafiya kamar 'yan gida ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Shi kansa kitsen da ke ƙarƙashin fata ba shi da wadatar jini. Ƙwayoyinsa suna kumbura suna girma, amma hanyoyin jini ba sa ƙaruwa daidai da girman. Ya zama lambun da aka faɗaɗa ba a ƙara haƙa hanyar ruwa ba. Ku riƙe wannan, domin ta cikin wannan kitse ne wuƙar likita za ta bi, kuma shi ne zai haɗe bayan ɗinki.

Duk wannan yana iya kasancewa a jikin mutumin da ke zuwa kasuwa, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa, bai san komai ba. Jiki yana da dabarun rufa wa kansa asiri: zuciya ta ƙara ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta riƙa daidaita jijiyoyi dare da rana. Ranar tiyata ce ake kwantar da waɗannan dabaru.

Idan aka sa mutum barci

Maganin barcin tiyata babbar baiwa ce. An fara nuna shi a bainar jama'a ranar 16 ga Oktoba 1846 a birnin Boston na Amurka. Shekara ɗaya bayan haka wani likitan mata a Sikotilan, James Simpson, ya fara ba mata masu naƙuda irin wannan magani, kuma ya rubuta amsa ga masu ganin abin ya saɓa wa addini, inda ya tuna musu da barci mai nauyi da Allah ya sa Adamu a Littafin Farawa sura 2. Don haka kada wani mai bi ya ɗauka amincewa da allurar barci ƙarancin bangaskiya ne.

Amma wannan barci ya bambanta da na dare. Wanda ke barci a kan tabarmarsa, in numfashinsa ya toshe zai farka, in gefe ya gaji zai juya, in sanyi ya kama shi zai ja mayafi. Wanda aka yi wa allura ba ya yin ko ɗaya. Mai ba da maganin, likita ne ko nas da ya ƙware a wannan fanni, shi ke yi masa gadi har a gama.

Yawancin magungunan barci, irin su farar allurar nan da ake kira furofofol da iskar da ake shaƙawa, suna sa jijiyoyi su saki jiki gaba ɗaya, suna kuma rage umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika musu. A lambu, kamar a buɗe duk hanyoyi lokaci guda ne alhali an rage wa inji wuta. Ƙarfin jini ya faɗi. Mai lafiyayyun jijiyoyi yakan jure, domin ƙananan hanyoyinsa suna iya daidaita kansu su tura ɗan jinin da ke akwai zuwa inda aka fi bukata. Wanda nasa suka riga suka gaji, kuma ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa suka saba da jini mai ƙarfi, faɗuwar da ba za ta dami wani ba tana iya barin wasu sassan jikinsa da ƙishi. Abin lura shi ne, awon jinin da ake yi a hannu babban tiyo yake aunawa. Yana iya nuna lamba mai kyau alhali can cikin fangali ruwa bai isa ba. Ko shi awon ma, idan aka ɗaura ƙaramin maɗauri a kan babban dantse, lambar da zai bayar ta fi ta gaskiya yawa.

A ƙananan asibitoci an fi amfani da wata allura mai suna ketamin. Ita ba ta cika kayar da jini ba, hasali ma takan ɗaga shi ta ƙara bugun zuciya. Wannan alheri ne ga wanda ya zubar da jini, kamar mai raunin harbi ko hatsarin mota, amma ga mai ƙiba da hawan jinin da ba a sani ba, abin taka-tsantsan ne.

Sai batun auna magani. Yawancin magungunan barci suna narkewa cikin kitse. Idan aka ba mai kilo 110 magani bisa dukan nauyinsa, zai yi masa yawa tun farko, jininsa ya faɗi warwas. Idan kuma aikin ya daɗe, kitsen ya sha maganin ya riƙa sakinsa sannu a hankali, mutum ya yi jinkirin wartsakewa. Saboda haka ne ake tambayar tsawo tare da nauyi, don a ƙiyasta nauyin jiki ban da kitse.

Numfashi kuwa shi ya fi gaggawa. Da zarar mai tumbi ya kwanta rigingine tsokarsa ta saki, nauyin ciki yakan danne huhu daga ƙasa, ƙananan aljihunan huhu su manne. A farkon barci akwai ɗan lokacin da mutum ba ya numfashi, kafin a sa masa bututu a maƙogwaro. Mai matsakaicin jiki da aka cika wa huhu da oksijin yana iya kai minti 6 zuwa 8 kafin iskar jininsa ta yi ƙasa. Mai ƙiba sosai ba ya kai minti 3. Ga shi kuma kaurin wuya yana iya sa shigar da bututun ya yi wuya. Dalilin tambayar minshari ke nan. Wanda ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke ya dawo da gurnani, ya wuni yana gyangyaɗi, alama ce maƙogwaronsa yana rufewa cikin barci. Shi bai sani ba. Matarsa ko mijinta ne suka sani, don haka a bar su su amsa.

Inda matsalolin biyu suka haɗu

Yanzu a haɗa su: jinin da iskarsa ta ragu, yana tafiya da ƙarfin da ya ragu, cikin hanyoyin da suka riga suka ƙuntata, zuwa kitsen da dama ba shi da wadatar jini. A 2004 mujallar likitocin barci ta Amurka, Anesthesiology, ta buga wani bincike inda aka sa ɗan ƙaramin ma'auni ƙarƙashin fatar marasa lafiya ana cikin tiyata. Duk da an daidaita iskar da ke cikin manyan jijiyoyinsu ta zama ɗaya, ma'aunin ya nuna 57 a jikin marasa ƙiba, 36 a jikin masu ƙiba. Aka ƙara musu oksijin, lambar ta hau, amma ba ta kamo ta sauran ba.

Wannan rashi yana da sakamako. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, da oksijin suke kashe ƙwayoyin cuta. Sabon naman da ke haɗe rauni ma sai da oksijin yake ginuwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi wa allura kafin aiki, ta waɗannan hanyoyi zai bi ya kai bakin yanka. Shi ya sa ɗinkin mai ƙiba ya fi saurin yin ruwa, ya fi saurin buɗewa, ya fi daɗewa bai warke ba. Sanyi yana ƙara ɓata lamarin, domin yana sa jijiyoyin fata su tsuke. Wani bincike na 1996 a kan mutum 200 da aka yi wa aikin hanji ya nuna raunin kashi 19 cikin 100 na waɗanda jikinsu ya yi sanyi ya kamu da cuta, na waɗanda aka ɗumama kuwa kashi 6. Bargo a lokacin hunturu ba ƙaramin magani ba ne.

Akwai kuma daskarewar jini. Shafen da ya lalace ba ya hana jini kamawa kamar lafiyayye, ga ƙafafu a miƙe ba motsi. Gudan jini yana iya ƙulluwa a sha-raɓa, ya ɓalle ya tafi huhu bayan kwanaki, lokacin da kowa ya ɗauka an tsallake.

Ga mata masu ciki, ma'aikata sukan fi son allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa mace tana farke tana numfashi da kanta. Mata da yawa na tsoronta saboda jita-jitar tana gurguntawa ko tana barin ciwon baya har abada. Da ita aka yi wa dubban mata aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina tun shekarun 1980. Ita ma tana kayar da jini, shi ya sa ake haɗa ta da ƙarin ruwa da magani a kusa, amma ga mai ƙiba ta fi barcin gaba ɗaya aminci a yawancin lokuta. Idan aka ba ki zaɓinta, Mama, ki karɓa.

Maganin ƙiba na kemis

A nan za mu ɗan yi faɗa, ku yi haƙuri da mu. Akwai ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis da kan tire a kasuwa, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. 'Yan mata na sha kafin biki, matan aure na sha don kada a ce miji ba ya ciyar da su. Da yawa daga cikinsu maganin da ake rubuta sunansa dexamethasone ko prednisolone ne a jikin kwali, wani lokaci a haɗa da mai buɗe ciki. Ƙibar da suke kawowa ruwa ce da kitse a fuska da wuya da ciki, tare da hawan jini, hawan suga da fata mai saurin yagewa. Duk abin da muka bayyana a sama, suna ninka shi.

Mafi hatsari shi ne wannan. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini lokacin wahala. Idan mutum ya yi makonni yana shan waɗannan ƙwayoyi, halittar takan daina aiki, tunda ana kawo mata irin kayanta daga waje. Ranar tiyata jiki zai nemi sinadarin da yawa, ya tarar babu. Jini ya faɗi, a yi ƙarin ruwa ya ƙi tashi, ma'aikata su rasa dalili. Alhali da an faɗa musu, allura mai araha ce za su yi kafin a fara. Wadda ke sha kada ta daina rana ɗaya, domin hakan ma yana kayar da mutum. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali. Mu maza kuma, da surukai, mu duba irin maganganun da muke yi da ke tura 'ya'yanmu ga wannan.

Kafin aiki da bayansa

Idan aikin ba na gaggawa ba ne, kamar gwaiwa ko maƙoƙo, watanni biyu ko uku na shiri suna da amfani ƙwarai. Ƙananan jijiyoyi suna farfaɗowa. Tafiya da sauri na minti 30, kwana biyar a mako, tana ƙara sinadarin buɗe hanya tun kafin sikeli ya nuna canji. Rage kilo 5 zuwa 10 cikin kowane 100 ya isa ya sauko da jini da suga. A rage mai da suga da gishiri da dunƙulen miya. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da suga fiye da cokalin shayi 10. A ƙara wake, zogale, rama da yakuwa, a koma ga tuwon dawa da gero. Mai shan taba ya daina aƙalla makonni huɗu kafin aiki. Amma kada kowa ya shiga horon yunwa ko dogon azumi gab da tiyata, domin rauni da abinci yake warkewa. Idan kuwa aikin gaggawa ne, kamar naƙudar da ta ƙi ko hanjin da ya toshe, ba a jira komai.

Ranar zuwa asibiti a zuba duk magungunan da ake sha cikin leda a tafi da su, har da na gargajiya da na kemis. A tambaya wanne za a sha da safen aiki, domin wasu na hawan jini da na suga akan dakatar da su. Dokar barin abinci, yawanci awa 6, a bi ta sosai. Kunu da fura abinci ne. Idan an ci, a faɗi gaskiya, domin abin da ke ciki yana iya dawowa ya shiga huhu. Ba laifi ba ne kuma iyali su tambaya cikin ladabi ko akwai oksijin da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin ƙa'idojin tiyata tun 2008.

Likitocin barci sun yi ƙaranci a Najeriya, ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Idan ma'aikacin Kaura, Shinkafi ko Zurmi ya ce a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya auna abin da ke hannunsa ne. Kowa ya san halin hanyoyinmu bayan faɗuwar rana. Saboda haka muna roƙon fastoci da dattawa: mace mai ciki mai ƙiba, ko mai hawan jini, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, a nema mata masauki wurin 'yan'uwa a gari tun watan tara bai cika ba, a kuma san mutum biyu da za su ba da jini idan an nema.

Bayan aiki, mai jinya ya tada kan mara lafiya da matashi, kada a bar shi kwance shamɓar. A daren farko a sa ido kan numfashinsa. Minshari mai yankewa, ko barcin da aka kasa tada shi, a kira nas nan take. Da zarar an ba da izini a taimaka masa ya zauna, ya taka, ko da yana jin zafi. Ɗinkin da ke ƙarƙashin ninkin ciki a riƙa ɗaga naman ana shanya wurin, kada a shafa toka ko man shanu ko garin magani. Mai jego da aka yi wa aiki ta guji ruwan wanka mai ƙuna a kan ɗinki, ta kuma yi hankali da kunun kanwa, wanda likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shansa da ciwon zuciya bayan haihuwa.

Bayan an dawo gida, idan ɗinki ya yi ja ya kumbura, ko yana fitar da ruwa mai wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti washegari da sassafe. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, kada a murza ta, kada a kai wa mai ɗori. In numfashi ya yi wuya farat ɗaya ko ƙirji ya soke, a nemi mota a wannan sa'a.